Lacca: Yadda malaman Yahudawa suka ce a amsa wa mace in ranta ya ɓaci

To jama'a mu ci gaba. Abin da zan kawo yanzu daga littattafan Yahudawa ne, yadda su suka ruwaito shi.

A Attaurarsu, littafin Farawa sura ta 30, Rahila matar Yakubu ta daɗe ba haihuwa, ga yayarta Lai'atu da suke zaman kishi ta haifi maza har huɗu. Ran nan abin ya ishe ta, ta ce wa Yakubu ka ba ni 'ya'ya ko in mutu. Shi kuma ransa ya ɓaci ya ce ni ne Allah da ya hana ki haihuwa? To ku duba fa, maganarsa gaskiya ce, ba mai ba da ɗa sai Allah. Amma malamansu na da a tafsirin Midrash ba su bar wurin haka ba, suka ce Allah ya ce masa, ashe haka ake amsa wa wanda ke cikin ƙunci? Wallahi wurin nan yana taɓa ni, don baiwar Allahn nan ba fatawa ta zo nema ba, zuciyarta ce ta cika ta kawo kuka wurin mijinta, shi kuma ya ba ta amsar da ake ba ɗalibi.

A Talmud, wato babban kundin koyarwar malamansu, sashen da ake kira Baba Meziya shafi na 59, an ce namiji ya kiyayi cutar da matarsa da baki saboda hawayenta a kusa suke, kuma a shafin dai aka ce ƙofar hawaye ba a rufe ta a sama. Musa bin Maimun, wani babban malaminsu wanda ya rasu a Masar a 1204, ya sa abin cikin dokokin aure, miji ya yi magana a hankali, kar ya zama mai fushi ko mai ɗaure fuska. Rabbi Shimon ɗan Ele'azara kuma ya ce kar ka lallashi mutum yana tsakiyar fushi, ka bari ya huce tukuna.

Har yammacin Juma'a suka yi wa magana, lokacin da gida ke a hargitse, ga girki ga yara ga rana na shirin faɗuwa, kuma dole a kunna fitilar Asabar kafin ta faɗi, don da faɗuwarta ranar hutunsu ta Asabar ta shiga, ba a kunna wuta. Wajibi ne maigida ya tunatar a kunna, amma suka ce da tattausar murya zai faɗa, in ba haka ba ba wanda zai karɓa daga gare shi.