Bankin Ido: Wai Me Ake Ajiyewa A Cikinsa?

[Hoto: ɗakin gwaji, hannu sanye da safa yana buɗe firij]

Toh jama'a, ga bankin idon nan da ake ta tsorata mutane da shi. Firij ne. Ku leƙa da kyau, kun ga wata ƙwayar ido tana harararku? 'Yan kwalabe ne ƙanana, kowace da ruwa ja-ja, sai wani abu kamar ɓawon albasa yana yawo a ciki.

Ban ga laifin wanda gabansa ya faɗi ba. Mu da muka taso da labarin masu ƙwaƙule idon yara don tsafi, a ce mana wai gwamnati na zuba kuɗi a bankin ido, ai dole mutum ya ce a'uzubillahi.

[Hoto: agogon hannu kusa-kusa, sai ido ya maye gurbinsa]

Dubi agogon nan, gilashi a sama, lambobi a ƙasa. Haka idonka yake. Wurin da muke ce wa baƙin ido, a samansa akwai wani marfi garai-garai da haske ke ratsawa, likitoci na kiransa koniya, shi ne abin nan mai kama da ɓawon albasa da ke cikin kwalaben. Faɗinsa wajen milimita 12, kaurinsa a tsakiya rabin milimita ne kacal. In gilashin agogo ya kakkarce, injin na nan yana tafiya lafiya lau amma ba ka ganin ƙarfe nawa. Wannan farin da kake gani ya rufe baƙin idon wasu, wanda muke cewa hakiya, to sau da yawa karcewar gilashin ce. Ƙyanda na jawo ta musamman ga yaron da ba ya samun abinci mai bitamin A, ko zangarniyar gero ta tsone manomi ciwon ya ruɓe, ko ciwon idon nan da ke juyar da gashin ido ciki yana gogar koniya, ga kuma uwa uba ɗige-ɗigen da ake yi lokacin apolo, wani ruwan siga wani fitsari wani har ruwan batir, don Allah a daina.

[Hoto: zanen ido, ana ɗaga marfin sama ana ɗora wani]

Nan ne inda kowa ke ruɗewa, don haka zan ɗan ja birki. Wannan marfin shi kaɗai ake dasawa. Idonka naka ne yana nan a gurbinsa, likita zai yanke gilashin da ya dushe a zagaye, ya ɗora mai kyau da aka samo daga mamaci, ya ɗinke da zaren da ya fi gashin kai siranta. Launin idonka ba zai canja ba, kuma ba za ka fara ganin abin da mamaci ya gani ba, wannan sai a fim.

Me ya sa ba a dasa ƙwayar gabaɗaya? Saboda bayan ido akwai jijiyar gani da ta tafi ƙwaƙwalwa, a cikinta akwai zarurruka sama da miliyan 1, in aka yanke ta har yau babu mai iya jona ta ta yi aiki. A 2023 likitoci a birnin Niyok na Amurka sun dasa wa wani mutum ido sukutum, idon ya rayu jini na shiga, amma gani bai dawo ba.

Shi ya sa ba kowane makaho ne bankin ido zai yi wa rana ba. Mai yanar ido, tasa matsalar a can ciki take kuma aikinta daban ne, ba ya buƙatar kyautar kowa. Wanda hawan jinin ido ya kashe wa jijiya kuwa, ko koniya goma ka ɗora masa ba abin da zai gani.

Amma fa gaskiya ɗaya ce: wasu bankunan koniyar kawai suke yankowa daga mamaci, wasu kuma ƙwayar suke cirowa sai a ɗakin gwaji su ware koniyar. Ko wanne aka yi ana saka ɗan marfin roba a rufe fatar ido, mai wankan gawa ma da wuya ya lura.

[Hotuna da sauri: fom, agogon bango, kwalaben jini, akwatin ƙanƙara]

Sauran a gurguje. Sai bayan mutum ya rasu, kuma sai da yardarsa ko ta iyalansa. Ana so a ɗauka cikin awa 6, aikin minti 20 ne, ba zai hana jana'iza ba. A gwada jini don ƙanjamau da ciwon hanta. A saka a kwalba a sanyin digiri 4, tana iya kai kwana 14. Koniya ba ta da jijiyoyin jini, don haka ba a ma neman rukunin jini ya zo ɗaya.

[Hoto: tsohon hoton likita baƙi da fari, sai taswira]

Abin ba sabo ba ne. Tun 1905 Dakta Eduard Zirm ya yi dashen farko da ya ɗore, a garin Olomouc na ƙasar Cek ta yanzu, ga wani lebura da farar ƙasa ta ƙona wa idanu. Bankin ido na farko a Niyok aka buɗe shi a 1944. Siri Lanka kuwa tun 1964 take aika koniya ƙasashen waje. Indiya ta ware 25 ga Agusta zuwa 8 ga Satumba kowace shekara don wayar da kai kawai. Habasha ta buɗe nata bankin a 2003 a asibitin Menelik na Biyu da ke Adis Ababa, shugaban ƙasar na lokacin Girma Wolde-Giorgis da kansa ya yi alƙawarin bayar da koniyarsa. Duk da haka wani bincike da aka fitar a 2016 ya ce mutum miliyan 12.7 ke jira a duniya, koniya 1 ga mutum 70.

Maganar addini ba fagena ba ne, a tambayi malamai, sai dai Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da izininsa ko na magadansa, da sharaɗin ba sayarwa.

[Hoto: barandar asibiti, sai firij ɗin farko]

Mu a Najeriya dokar dashen koniya tun 1973 take, akwai ma bankin ido a Ikeja, dokar lafiya ta 2014 kuma ta hana cinikin sassan jiki. Masu bayarwa ne suka yi ƙaranci. Ni dai in za a tambaye ni inda gwamnati ya kamata ta zuba kuɗin, gini ya zo daga baya. A fara ɗaukar ma'aikaci mai ladabi da sanin addini wanda zai iya zama da iyalan mamaci a cikin awa 6 ɗin nan ya yi musu bayanin gilashin agogo ba tare da ya ƙara musu zafi ba. Sannan a sa wa firij ɗin nan sola, don digiri 4 yake so dare da rana, ku kuma kun san halin wutarmu.

[Hoto: hannu ya rufe firij]