Guguwar da Ba Ta Samu Shiga Labarai Ba

(An rubuta wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama da ɗaliban aikin jarida. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Wa ya taɓa jin sunan Katrina? Ku ɗaga hannu. Kusan kowa, har da waɗanda suke cikin zanen goyo a lokacin. To wa ya taɓa jin Stan? Hannu ɗaya, shi ma mai shi yana sosa ƙeya.

Guguwa biyun nan shekara ɗaya suka yi, 2005, tsakaninsu sati biyar da 'yan kwanaki. Katrina ta afka wa gaɓar Amurka ranar 29 ga Agusta, shingayen da suke tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin New Orleans ya nutse. An daɗe ana cewa mutum 1,800 ne suka mutu, daga baya aka sake lissafi aka dawo kusan 1,400. Stan kuwa a farkon Oktoba ta zo, kuma a ma'aunin iska ƙaramar alhaki ce, mataki na ɗaya kawai ta kai. Amma ruwan da aka tafka a lokacinta ya jiƙa duwatsun Gwatamala har suka saki. A wani ƙauye mai suna Panabaj, kusa da tafkin Atitlan, laka ta gangaro daga dutse kafin gari ya waye, mutane suna barci, ta binne gidaje da mutanen cikinsu. Maƙwabta suka yi kwanaki suna tono da fartanya da shebur, har aka haƙura aka ce a bar wurin a matsayin maƙabarta. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace a ƙasar kaɗai sun kai wajen 1,500. Ku auna da Katrina. Ana cikin tonon ne kuma girgizar ƙasa ta auku a Kashmir ranar 8 ga Oktoba, 'yan kyamarorin da suka rage suka juya can.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, mu duba ma'aunin da muke amfani da shi. Ma'aunin Saffir-Simpson, wannan na mataki ɗaya zuwa biyar da kuke ji a labarai, iska kaɗai yake aunawa. Daga kilomita 119 a awa ake shiga mataki na ɗaya, daga 252 mataki na biyar. Bai san yawan ruwan da za a zubar ba, bai san ko an sare bishiyoyin kan tudu ba, bai san da me aka gina gidan da ke ƙasan tudun ba. Edita yana son lamba don tana da daɗin sa wa a kanun labari, alhali yawancin mutanen da guguwa ke kashewa ruwa ne yake cinye su. Guguwar Jeanne, a watan Satumban 2004, ko matakin farko ba ta kai ba lokacin da ta ratsa ta arewacin Haiti, amma ambaliyarta ta kashe kimanin mutum 3,000, akasari a garin Gonaives. Da ta ƙara ƙarfi ta isa Florida, nan ne ta samu motocin watsa labarai kai tsaye suna jiranta a bakin teku.

Ma'auni na biyu kuɗi ne. Ɓarnar Katrina an ƙiyasta ta dala biliyan 125. Lamba ce mai firgitarwa, kuma ana samunta da wuri saboda kamfanonin inshora suna da lissafin kowane gida. Manomin da gonar ayabarsa ta kwanta, jinkarsa ta tashi, ba shi da inshora, don haka asararsa ba ta da nauyi a dala, ko da ita ce duk abin da ya mallaka. Iska na wahalar da mai kayan kara, kun sani, sai dai karan nasa ba ya shiga littafin kowa. Idan kuna son gaskiyar ɓarna, ku auna ta da ƙarfin ƙasar. Lokacin da guguwar Maria ta daki tsibirin Dominika a Satumban 2017, asarar ta fi ninki biyu na duk abin da ƙasar take samarwa a shekara. Firaministansu, Roosevelt Skerrit, a Facebook ya rubuta cewa rufin gidansa ya tashi, daga nan sadarwa ta yanke.

Wannan yankewar sadarwa ita nake so mu daɗe a kanta. Inda ɓarna ta fi tsanani, nan ne labari ya fi wuyar fitowa: turakun waya sun faɗi, gada ta karye, filin jirgi ya zama tafki. Guguwar Idai ta shiga birnin Beira na Mozambik daren 14 ga Maris 2019. Washegari aka kai hari masallatai biyu a birnin Christchurch na New Zealand, duniya ta koma can, kuma ba wanda zai ce bai kamata ba. Beira kuwa shiru, ba wuta ba waya. Sai ranar 18 ga wata, bayan shugaban ƙasa na lokacin, Filipe Nyusi, ya zagaya ta sama ya ga gawarwaki a kan ruwa, ya ce mamatan za su iya wuce dubu. Tsakanin Mozambik da Zimbabuwe da Malawi kuwa sun wuce ɗin. Amma a ɗakin labarai abin da ya kwana huɗu ya tsufa. Wata ɗaya bayan haka cocin Notre-Dame ta kama da wuta a Faris, cikin kwanaki kaɗan aka yi alkawarin ɗaruruwan miliyoyin yuro.

Ko a cikin Amurka abin ba ɗaya ba ne. Puerto Rico yankinta ne, mutanensa 'yan ƙasa ne, amma bayan Maria gwamnatin tsibirin ta yi watanni tana cewa mutum 64 suka mutu. Sai a Agustan 2018 binciken Jami'ar George Washington ya kai adadin 2,975. Su wane ne sauran? Mai ciwon ƙoda da ba a samu wutar wanke masa jini ba, mai ciwon suga da maganinsa ya lalace don firji ya mutu, tsohuwar da hanyar asibiti ta toshe mata. Irin wannan mutuwar ba ta da hoto, kuma tana zuwa ne bayan wakilai sun tattara kayansu.

Ni ba na ganin laifin gidan talabijin na Amurka don ya damu da Florida. Kowa nasa ya sani. Abin da ke ci mini rai shi ne sauran duniya daga bututu ɗaya muke sha. Manyan kamfanonin dillancin labarai su aiko, mu fassara mu karanta, sai ka ga gidan rediyon da ke nesa da Amurka ya ba guguwar Sandy minti biyar a New York, bai ambaci cewa kwanaki kaɗan kafin nan, a Oktoban 2012, ta kashe sama da mutum 50 a Haiti ta kuma ragargaza birnin Santiago na Kyuba ba. Na yi irin wannan fassarar da hannuna a farkon aikina, ban kuma tambayi daga ina guguwar ta biyo ba.

Kuma kada ku ɗauka abin ya tsaya a kan suna da ɗaukaka. Masana tattalin arziki biyu, Thomas Eisensee da David Strömberg, sun bi diddigin bala'o'i kusan 5,000 daga 1968 zuwa 2002, suka wallafa sakamakon a 2007. Sun gano cewa bala'in da ya faɗo lokacin da wani babban abu ya cika labarai, kamar wasannin Olamfik, ba ya cika samun shiga talabijin ɗin Amurka, kuma damar samun agajin gwamnatin Amurka tana raguwa tare da shi.

Na ga hannu can. Bismillah, 'yata.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko kafofin sada zumunta ba su gyara lamarin ba, tunda yanzu kowa yana da waya.)

Sun taimaka, amma waya sai da caji da sabis, kuma ko hoton ya fito sai an samu mai kallo. Ga misali daga zamanin wayar. Guguwar Eta ta sauka gaɓar Nikaraguwa ranar 3 ga Nuwamba 2020, a mataki na huɗu. Wace rana ce wannan? Ranar zaɓen Trump da Biden. Duniya ta yi kwanaki tana ƙirga ƙuri'un Pennsylvania, a daidai lokacin da ruwa ya shanye filin jirgin San Pedro Sula a Honduras, dutse kuma ya rufta kan ƙauyen Queja a Gwatamala. Bayan sati biyu Iota ta biyo, ta sauka kimanin kilomita 25 daga inda Eta ta sauka, kan mutanen da ko kwanon rufinsu ba su gama tsintowa ba.

An nuna mini agogo. Sauran tambayoyin mu yi su a waje.