Darasin lafiya: maganin kashe radadin baki da makogwaro

Assalamu alaikum jama'ar Zazzau, na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru har na cikin birni, barkanmu da war haka. Yau maganarmu kan maganin nan ce da ake kuskure baki da shi ko a fesa a makogwaro, sai ka ji wurin ya mutu, radadin ya tafi. In ka juya kwalin za ka ga an rubuta lidocaine, wani kuma benzocaine, akwai na ruwa mai kauri akwai na shafawa akwai na tsotsa kamar alewa. Toh duk lokacin da hunturu ya kama, kura ta busar wa kowa da makogwaro, sai a yi ta zuwa kemis nemansa.

Shi fa ba warkarwa yake yi ba, jijiyar da ke kai sakon zafi kwakwalwa yake toshewa na dan lokaci, gyambon yana nan inda yake.

Lidocaine na ruwa mai kaurin nan, mai karfin kashi 2 cikin 100, abin da likita ya fi rubuta wa babba shi ne mil 15, ka juya shi a baki ka tofar. Kar ka sake sai bayan awa 3, kuma kar ya wuce sau 8 tsakanin dare da rana, in likitanka ya rage maka ka bi nasa. Ka auna da sirinji ko dan kofin awo, cokalin kicin kowane gida da girman nasa.

Ga inda nake so ku bude kunne sosai. In ka sa shi, ka hakura da ci da sha sai awa daya ta wuce, don makogwaron da ya mutu bai san hanyar da loma za ta bi ba, sai ka kware abinci ya fada hanyar numfashi. Kuma harshen ba ya jin komai, ka tsaya wurin mai shayi ya zubo maka mai tururi ka kwankwada kana cewa ai ba zafi, alhali bakinka na konewa. Wani matashi ya taba zuwa mini jini na zuba a bakinsa, ya sa maganin ne ya samu dadin cin tsire, ya tauna gefen harshensa bai sani ba sai da abokinsa ya ga jinin, wallahi abin ya ba ni tausayi.

Iyayena mata, don Allah ina rokonku, kar a shafa wa jariri mai fitar hakora wannan magani a dasashi, ko kaka ce ta kawo. Jariri bai iya tofarwa ba, hadiyewa yake yi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargadi a 2014 kan lidocaine saboda yaran da suka kama jijjiga har wasu suka rasu, a 2018 kuma ta ce benzocaine kar a ba wa dan kasa da shekara 2, don yana iya hana jini daukar iska. Ki wanke hannu ki rika murza masa dasashin a hankali, ko ki ba shi tsaftataccen kyalle mai sanyi ya ciza.

Babba ko yaro, in ya sa maganin kika ga lebe ko farce ya yi shudi ko launin toka, numfashi na gagara, jiri, rudewa, a daina nan take a dauke shi zuwa asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Kofar Gayan da kwalbar a hannu, kar a jira gari ya waye.

Wata baiwar Allah ta turo sako tana tambaya wai gyambon bakin maigidanta ya kai sati 3 yana ta shafa maganin. Hajiya ki ce masa ya ajiye kwalbar nan haka, gobe da safe ya je likita ya duba cikin bakin.