Lacca: Yadda 'Yan Rawar Bale Ke Rayuwa a Gidan Opera na Paris

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu zan taɓo kan rayuwar masu rawar bale, wato rawar dandamali ta Turawa da mata ke tsayawa kan tsinin yatsu, kuma ƙungiyar Opera ta Paris zan ɗauka don ita ce mafi tsufa, tushenta tun 1661 lokacin da Sarki Louis na 14 ya kafa makarantar rawa ta fada, shi kansa sarkin yana rawa.

Na farko atisayen safe. Mutum 154 ne a ƙungiyar, kuma kowa da kowa, daga sabon shiga har babban tauraro, da safe sai ya kama sandar nan ta jikin bango, ya rage tsawo ya miƙe, ya miƙa ƙafa ya dawo da ita, abin da ya koya tun yana yaro, wajen awa ɗaya da rabi mai fiyano na kaɗa musu. Daga nan a shiga gwajin wasa, da dare a hau dandamali.

Amma ku tsaya in gaya muku zancen takalmi, don ni wallahi nan ne abin ke taɓa ni. Takalmin da matan ke tsayawa kan tsinin yatsu da shi, mutane na zaton katako ne a bakinsa. Ba katako ba ne, ba ƙarfe ba ne. Yadi ne da takarda da gam, a jera wani kan wani har ya sandare, kuma da hannu ake yin sa. In ya zo sabo ba ya takuwa, sai mai rawar ta lanƙwasa shi, ta bubbuga shi a ƙasa don ya rage ƙara, ta kankare ƙasansa kar ya zame da ita, sannan ta zauna da allura da zare ta ɗinka igiyoyin ɗaurewa da roba, ita da kanta fa, da kanta, don kowace ta san inda ƙafarta ke so. To bayan duk wannan wahala zufa da nauyi sai su saki gam ɗin, a babban wasa dare ɗaya takalmi na iya tashi aiki. Dare ɗaya! Gobe ta sake ɗinkin wani. Yatsun kuwa bororo ne da farce da ya fita, an nannaɗe da filasta, kuma haka za ta fito tana murmushi. Ke da ke dariya a gaba, in kin ga ƙafar nan kin daina ƙorafin takalmin biki. (dariya) Sannan launin, ruwan hoda ake yi don ya saje da farar fata, baƙar yarinya sai ta zauna tana shafa wa nata fandeshan, a 2018 kamfanin Freed na Landan ya fito da masu ruwan ƙasa.

Na uku, kai lokaci ya ja, bari in yi sauri. Matakan muƙami biyar ne, an daɗe ana hawa ta gasar cikin gida, amma na ƙarshe wato tauraro naɗi ne, a kan dandamali ake sanarwa bayan wasa. Na huɗu, ritaya a shekara 42, jiki ya gaji, shi ya sa a Disambar 2019 da gwamnatin Faransa ta taɓo fanshonsu suka shiga yajin aiki suka fito ƙofar Palais Garnier, wato gidan Opera ɗin, cikin sanyi suka yi rawa. E, malama?

Tambaya: Malam, to baƙar fata ya taɓa zama tauraro a can?

Yauwa, Allah ya yi miki albarka. Sai a Maris 2023, Guillaume Diop, mahaifinsa ɗan Senegal ne, aka naɗa shi a Seoul ta Koriya ta Kudu yana da shekara 23, har mataki ɗaya aka tsallake da shi. Ki lissafa daga 1661 ki ga daɗewar. Kuma kun tuna yaron Legas, Anthony Madu, da bidiyonsa ya zagaya a 2020 yana juyi ba takalmi cikin ruwan sama? Ya samu gurbi a makarantar bale ta Elmhurst a Ingila. Mai hannu a can baya, riƙe tambayarka, an kira salla, in mun dawo da kai za mu fara.