Bitcoin da Hanyar da Addini ke Yaɗuwa

Assalamu alaikum jama'a. Kafin wani ya ɗaga hannu, bari in share fage: ban zo in daidaita kuɗi da addini ba. Hanyar yaɗuwa kawai nake so mu duba.

A watan Oktoban 2008 wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da ƙasida mai shafi 9 a kan bitcoin, wani sabon kuɗin intanet, a Janairun 2009 kuma bitcoin ya fara aiki. Babu babban banki, babu gwamnati. Littafin lissafin da ke nuna wa ya tura wa wa kuɗi yana hannun dubban kwamfutoci, kowace da kwafinta. A 2011 Satoshi ya yi ɓatan dabo, amma har gobe mabiyansa rubutunsa suke ɗaukowa su kafa hujja. Da suka saɓa a 2017 aka ɓalle da wani sabon kuɗi mai suna Bitcoin Cash, kowane ɓangare cewa yake shi ne a kan tafarkin asali. Har ranar biki gare su: 22 ga Mayu, tunawa da mutumin da ya sayi fiza biyu da bitcoin 10,000 a 2010. Wanda ya karanta tarihin ɗariƙu ya san wannan salon.

To, ku duba Daular Rum. Kusan shekara 300 Kiristanci yana tafiya daga baki zuwa baki, gida zuwa gida, ana ƙuntata wa mabiyansa, kafin Sarki Konstantin ya halatta shi a 313. Mutane ne suka riga sarki. Ƙasar El Salvador da ke Amurka ta Tsakiya ta juya abin: a 2021 gwamnati ta mai da bitcoin kuɗin ƙasa tun jama'a ba su gamsu ba. Akasarinsu suka ci gaba da cinikinsu da dala, a 2025 aka janye tilascin karɓarsa.

Inda kwatancen ya tsaya shi ne ya fi damuna. Bitcoin ba zai wuce miliyan 21 ba, don haka duk sabon mai saye yana iya ɗaga darajar abin da na farko ke riƙe da shi. Ka ga abokinka ya miƙo maka waya, idonsa na ƙyalli, yana nuna maka layin farashi yana hawa. Wataƙila da gaske ya yi imani. Amma shigarka riba ce gare shi, kuma ba shi zai biya ka ba ranar da kasuwa ta rufta, kamar yadda FTX, wata kasuwar saye da sayar da irin wannan kuɗi a intanet, ta rufta da dukiyar mutane a Nuwamban 2022.