Uwar 'Ya'ya Mata Biyar a Gaban Kyamara

An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a wani zauren taro da ke Samaru, Zariya, inda wata malamar adabi ta yi wa ɗalibai da masu sha'awar karatu jawabi kan finafinan da aka yi da littafin Pride and Prejudice. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Malamaina da ke layin gaba, iyayenmu, ɗalibai, barkanku da yamma. Minti arba'in aka ba ni. Wanda ya yanke wannan bai san ni ba, amma zan kwatanta.

Tun da a Zazzau muke, inda ba a rasa masanin rabon gado a kowace unguwa, bari in fara da lissafi. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyar, babu namiji, iyayensa kuma sun riga shi. A kasa dukiyar gida 24. 'Ya'ya mata suna da biyu bisa uku, wato 16. Matar tana da tumuni, 3. Ragowar 5 na asaba ne. Malam, na yi daidai? To, ya gyaɗa kai.

Ku riƙe wannan mu je Ingila ta 1813, shekarar da aka buga littafin Jane Austen mai suna Pride and Prejudice, wanda za mu iya cewa labarin girman kai ne da saurin yanke wa mutum hukunci. Mista Bennet na da gida da gonaki a Longbourn, suna kawo masa fam 2,000 a shekara. 'Ya'yansa mata biyar: Jane, Elizabeth, Mary, Kitty da auta Lydia. Takardun gidan an ƙulle su tun kaka da kakanni a kan cewa namiji kaɗai ke gadonsa. Ba kowane gida a Ingila ke da wannan ƙulli ba, don a cikin littafin ma akwai babban gidan Rosings da 'ya mace za ta gada. Amma na Bennet haka yake. Ranar da ya rufe ido, wani ɗan uwansa na nesa, limamin coci mai suna Collins, shi zai kwashe komai. Uwa da 'ya'ya biyar fam 5,000 kawai aka ajiye musu, kowace yarinya 1,000 bayan ran uwar, abin da ba zai haifar mata da fiye da fam 40 a shekara ba.

Shi ya sa matar Bennet ba ta da zance sai aure. Shekara fiye da ɗari biyu ana yi mata dariya, kuma gaskiya tana da abin dariya: ga surutu, ga rashin sirri, ga ciwon ƙarya duk sa'ad da aka ɓata mata. Amma a gidan nan kaf ita kaɗai ce lissafin ya hana barci. Mijin, da kowa ke so saboda iya baƙar magana, bai tara ko sisi ba. Ya zauna jiran ɗa namiji har haihuwa ta tsaya, sannan ya shige ɗakin karatunsa ya turo ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa ko gorar bai nema ba. Marubuciyar da kanta ta faɗi haka a babi na 50.

Saboda haka ni idan zan auna fim ɗin da aka yi da littafin nan, ba na fara duba wane Darcy ya fi kyau, wato attajirin nan mai ji da kai da ke neman Elizabeth. Na san 'yan matan da ke baya wannan suka zo ji, ku yi haƙuri, za mu zo wurin. Uwar nake fara dubawa, in ga ko an bar mai kallo ya ji tsoron da ke cinta.

Na 1940, na kamfanin MGM a Amurka, mai Greer Garson da Laurence Olivier, ba zan daɗe a kansa ba. Wasan barkwanci ne mai daɗi. Garson ta haura shekara 30 tana fitowa a matsayin Elizabeth 'yar shekara 20. An sa musu manyan riguna na zamanin da ya zo bayan na littafin. Tun farkon fim za ka ga uwar tana tseren keken doki da maƙwabciyarta, kowace na so mijinta ya riga kai gaisuwa wurin sabon attajirin da ya tare. Collins an cire masa rigar coci an mai da shi mai kula da ɗakin littattafai, don dokar tace finafinai ta Amurka a lokacin ba ta yarda a yi wa malamin addini ba'a ba. Mu da muka san hukumar tace finafinai, wannan ba baƙon labari ba ne. Babbar ɓarnar tana ƙarshe: Lady Catherine, 'yar uwar mahaifiyar Darcy, mai izza, wadda a littafi ta zo ta ci wa Elizabeth mutunci da gaske, a nan an ce wai gwada ta take yi. Kowa mutumin kirki ne ke nan, kowace yarinya ta samu manemi. Inda ba mugu, ba talauci, me uwa za ta ji wa tsoro? Sai ta koma 'yar ban dariya zalla.

BBC ta yi nata a 1980, kashi biyar, ya bi littafin sau da ƙafa, sai dai kamar a kan dandamali ake yin sa. Mu wuce.

Na 1995 shi ne wanda ake rantsuwa da shi. BBC ce dai, kashi shida, sama da awa biyar, abin da 'yan Kannywood ke kira mai dogon zango. Andrew Davies ya tsara, Jennifer Ehle da Colin Firth suka ja ragama. Tsawonsa ya ba shi abin da sauran ba su samu ba, wato haƙuri. Ku ɗauki wasiƙar Darcy. A littafi, bayan Elizabeth ta ƙi tayinsa na farko ta wanke shi tas, washegari ya miƙa mata doguwar wasiƙa, babi na 35 kusan dukansa ita ce. Babin da ke biye kuma ba abin da ke faruwa sai yarinya tana yawo a hanya tana karantawa, ta ninke, ta sake buɗewa, har ta gane ita ce aka yaudara game da Wickham, sojan da ya ɓata mata Darcy da ƙarya. Nan ne ƙashin bayan littafin, kuma nan ne kyamara ke shan wuya, don ba ta iya leƙa zuciyar mai karatu. Davies ya warware ta da nuna mana Darcy yana rubutun cikin dare har gari ya waye, muna jin muryarsa, muna ganin abubuwan da yake bayarwa labari. Dabara ce mai kyau, amma ku lura da abin da ta jawo: labarin da Austen ta tsare a idon Elizabeth ya fara komawa na Darcy. Muna ganin sa yana wasan takobi, muna ganin sa yana bin lungunan Landan neman Wickham da Lydia bayan sun gudu tare, abin da mai karatu ba ya sani sai daga baya, daga wasiƙar matar kawunta. Sai kuma fitowar nan da ya faɗa tafki ya fito da jiƙaƙƙiyar riga. (dariya) Na ga kun san ta. Babu ita a littafi, ko layi ɗaya.

To uwar fa? Alison Steadman gwana ce, amma an sa ta ƙara murya har sai ka ji kamar ka rage sautin talabijin. Awa biyar kana tare da ita, da ƙyar ka samu minti ɗaya da za ka tausaya mata. Uban kuma an bar shi da kwarjininsa. Wasu za su ce ai haka Austen ta rubuta ta, ba ta raga mata ba. Gaskiya ne. Sai dai a takarda kana karanta wautarta, lissafin fam-faman nan yana gefe yana kallon ka. A allo murya ce ke cika ɗaki, lissafin ya ɓace.

Na 2005, na Joe Wright, mai Keira Knightley da Matthew Macfadyen, awa biyu ne da 'yan mintuna, don haka an yi yanka da yawa. Wickham da ƙyar ka riƙe fuskarsa. Wasiƙar an taƙaita ta. Masu kishin littafi sun yi ta ƙorafi, kuma wani ƙorafin da hujja: tayin farko da aka yi a falo an fitar da shi cikin ruwan sama, na biyu an kai shi fili da asuba cikin hazo, sannan aka ƙara wa masu kallo na Amurka wata fitowar soyayya a ƙarshe wadda ba a nuna a sinimomin Ingila da farko ba. Akwai dai abu ɗaya da nake nuna wa ɗalibaina kullum. Darcy ya kama hannun Elizabeth ya taimaka mata hawa keken doki, ya juya ya tafi, kyamara ta bi hannunsa kawai, yana buɗe yatsu kamar wanda ya taɓa garwashi. Daƙiƙa biyu ko uku, ba magana. Masu shirya finafinanmu da ke kukan an hana taɓa juna, ku je ku kalli abin da aka yi da yatsu biyar.

Amma abin da ya sa na fi son sa daban ne. Na kalle shi da gwaggona a Tudun Wada, a kan ƙaramar kwamfuta, muna zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ina fassara mata. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Da aka nuno gidan Bennet, ga agwagi a tsakar gida, ga shanya, ga laka, ga ƙaton alade ana wucewa da shi ta bakin ƙofa, sai ta ce, "Ashe su ma masu rufin asiri ne." Da na yi mata bayanin gadon, ta ajiye faifan ta ce, "Duka gidan? 'Ya'yan cikinsa ba su da ko ɗaki?" Na ce ko ɗaki. Daga nan ba ta ƙara yi wa matar dariya ba. Ana nuno Brenda Blethyn, mai fitowa a matsayin uwar, tana haki tana bin Elizabeth a guje don ta ƙi Collins, gwaggo ta ce, "Bar ta, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

Fim ɗin ya ba uwar wata magana da babu ita a littafi, inda take ce wa 'yarta in ta haifi mata biyar ta zo ta faɗa mata abin da zai cika mata tunani. Haka ya yi wa Charlotte Lucas, ƙawar Elizabeth 'yar shekara 27 da ta karɓi Collins kwana biyu bayan an ƙi shi: an sa ta faɗa da bakinta cewa ta zame wa iyayenta nauyi, tana jin tsoro, kada a zarge ta. Ƙari ne, amma ƙarin da ya fito da abin da ke kwance a ƙasan littafin. Inda fim ɗin ya zame shi ne da ya mai da Bennet da matarsa masu ƙaunar juna. A littafi kyau ya bi ya aure ta, ya gane ba tunani, ya ƙare rayuwarsa yana mata shaguɓe a gaban 'ya'yanta. An wanke uwa, sai aka haɗa da uban aka wanke.

Saura na Indiya, Bride and Prejudice na Gurinder Chadha, 2004, mai Aishwarya Rai. An kai labarin Amritsar, 'ya'ya huɗu maimakon biyar, Darcy Ba'amurke mai otal-otal, Collins kuma Ba'indiyen da ya yi kuɗi a Amurka ya dawo gida neman mata. Mu da muka tashi da finafinan Indiya tun zamanin sinima, wannan uwar ba sai an yi mana tafinta ba, mun san ta, wataƙila ma tana gidanmu. Ga rawa, ga waƙa. Amma an cire ƙullin gadon, rigimar ta koma ta raini tsakanin Indiya da Amurka. Uwar tana son surukai masu kuɗi ne kawai, ba wanda zai fitar da ita daga ɗakinta.

Na ga ana nuna mini agogo. Tambaya ɗaya. Baba, bismillah.

Wani dattijo: Malama, Allah ya ƙara basira. In 'yan fim ɗinmu za su yi shi da Hausa, yaya za su yi da gadon, tun da shari'armu ba ta hana mace?

Amin, Baba, na gode. Na daɗe ina juya wannan. Ba sai an taɓa gado ba. A sa Malam Bennet a gidan ma'aikata, irin waɗanda muka sani a garin nan, mai bishiyar mangwaro da ɗakin baya. Shekara 30 yana ciki, bai sayi ko fuloti ba, albashi na tafiya a littattafai da hidimar yau da gobe, saura shekara biyu ya yi ritaya. Hajiya ta san ranar da takarda za ta zo a ce a ba da makulli. Collins kuma ƙaramin ma'aikaci ne, ɗan abokin Malam, wanda sunansa ke biye a layin masu jiran gidan. Ya zo gaisuwa ranar Juma'a, an kawo masa zoɓo, yana sha yana ƙirga tagogin falo da ido, har ya tambayi Hajiya ko famfon bayan gida yana kawo ruwa. Daga ƙarshe ya gyara zama ya ce, don kada a tashe su, ya yanke shawarar auren ɗaya daga cikin 'yan matan, wadda duk aka ba shi.

Ga kiran la'asar nan. Mai naɗa, kashe abin.