Sikirinshot ɗin kwastoma a sitatus: nan ne ake yin ɓarnar

[Hoto: yatsa yana ta wuce sitatus, duk risit da hirar kwastomomi]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambayar da ta fi shigo min kwanan nan daga masu sayar da kaya a waya ita ce, wai tunda WhatsApp da kansa ya rubuta cewa saƙonni a kulle suke, babu mai iya karantawa, to me ya sa ake ta cewa mu kula da bayanan kwastoma? Ai an riga an kulle.

Eh an kulle, tun 2016 WhatsApp ya sa wannan tsarin ga kowa, saƙo ya bar wayar kwastoma ya zo taka babu wanda zai buɗe shi a hanya, har kamfanin kansa. Amma fa a hanya na ce. Da zarar ya sauka a wayarka ka buɗe ka karanta, aikin kullen ya ƙare, daga nan kuma sai abin da hannunka ya yi.

Kuma me hannunka ke yi? Ga shi nan kuna gani.

[Hoto: ana danna maɓallan sikirinshot, hoton ya hau sitatus]

Kwastoma ta turo risit ta ce na tura kuɗi, ta ƙara da kayan sun yi kyau Allah ya ƙara kasuwa, kai kuma daɗi ya kama ka, tas ka ɗauki sikirinshot ka ɗora a sitatus da Instagram don mutane su ga ana ciniki. Ni ban ga laifin neman shaida ba, kasuwar intanet ba ta tafiya sai da yarda, wanda bai taɓa ganinka ba da me zai yarda da kai? Amma mu tsayar da hoton nan mu duba shi da kyau.

[Hoto ya tsaya, ana zagaye wurare da jan layi]

Sama, lambarta, saboda ba ka yi sebin ɗinta ba. Gefe, hoton fuskarta. Cikin risit, cikakken sunanta, bankinta, adadin kuɗin, rana da lokaci. Can ƙasa kuma saƙon da ka manta da shi, inda ta kwatanta maka gidan da za a kai kayan. Hoto ɗaya fa.

Yanzu ka ɗauka ɗan damfara yana cikin masu kallon sitatus ɗinka, kuma yana iya kasancewa, ai ba ka san rabinsu ba, kawai sun ce a yi sebin. Ba ya buƙatar ya yi kutse a ko'ina. Kiranta kawai zai yi, Hajiya barka da rana, daga wajen da kika sayi kaya jiya ne, ɗan aike ya kusa unguwarku amma akwai ɗan cikon kuɗin kawowa. Ya faɗi sunanta daidai, ya faɗi kayan daidai, ya faɗi kuɗin daidai, me zai hana ta yarda? Wani ma ba kuɗi zai nema ba, cewa zai yi mun turo miki lambobi shida na tabbatar da oda karanto min, alhali lambobin shiga WhatsApp ɗinta ne, tana karantowa ya ƙwace akawun ɗin ya bi 'yan uwanta da roƙon kuɗi. Kuma in abin ya fashe sunanka za a kira, ba nasa ba.

Wani zai ce ai ni ina gogewa kafin in ɗora. Yawwa, nan nake so mu zo, don nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa.

[Hoto: ana shafa baƙin layi a kan lamba, sannan a ƙara hasken hoton]

Wannan alƙalamin mai faɗi da ke cikin wayoyi da yawa an yi shi ne don haskaka rubutu, shi ya sa yake shara-shara ko da baƙi ka zaɓa. A idonka ya rufe. Ku kalla, na ƙara haske, na ɗan taɓa kala... ga lambar nan ta fito, minti ɗaya bai cika ba. Haka masu dusashe rubutu kaɗan, in haruffan manya ne ana iya hasashensu. Sai masu ɗora imoji ɗaya a tsakiyar lamba, lambobi biyu kawai suka ɓuya, haba don Allah.

Abin da ya fi shi ne ka yanke. Yanke saman hoton gaba ɗaya, suna da lamba da fuska su tafi, ka bar kalmomin yabon kawai. Abin da ba ya yankuwa ka ɗora masa akwati mai kala cikakkiya, ba zane da yatsa ba. In ka gama sai ka sake ɗaukar sikirinshot na hoton da ka gyara, shi za ka ɗora. Dalili kuwa, a 2023 an gano matsala a manhajar gyaran sikirinshot ta wayoyin Pixel na Google da kuma ta kwamfutocin Windows, inda ake iya dawo da ɓangaren da aka yanke daga cikin fayil ɗin. An gyara matsalar, amma ni tun lokacin sabon hoto nake ɗauka, daƙiƙa biyu ne.

Risit kuwa a ra'ayina kar ma ka ɗora shi sam. Ba ya nuna kayanka na da kyau, kuɗin wani kawai yake nunawa.

Kuma ka tambayi kwastomar tukuna. Ranki ya daɗe in sa saƙonki a sitatus, zan cire suna? Ta turo maka lambarta ne don a kawo mata kaya, ba don talla ba. A Tarayyar Turai tun 2018 dokar kare bayanan mutane, GDPR, ta tanadi cewa bayanin da ka karɓa don wani dalili ba ka da ikon juya shi zuwa wani daban haka kawai, tarar kuma na iya kai Yuro miliyan 20, kuma ƙasashe da dama sun yi nasu dokokin masu kama da ita. Maganar sitatus na gogewa bayan awa 24 kuma ku bar ta, wanda ya ɗauki hotonsa nasa ba ya gogewa.

Sauran da sauri, hotuna sun kusa ƙare min.

[Hoto: saitin waya na wucewa da sauri]

Kar ka kwashi kwastomomi ka zuba a guruf ba su ce ba, kowa na ganin lambar kowa, yi amfani da burodkas, kowa zai samu saƙon shi kaɗai, sai dai wanda ya yi sebin lambarka ne kawai zai samu. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri kafin a shiga akawun, a WhatsApp da Facebook da Instagram. Yaron shago ko mai kula maka da shafi, ba shi izini ta akawun ɗinsa, kar ka ba shi fasiwad ɗinka, ranar da ya bar aiki ka cire shi a ranar. Bakof, wato kwafin hirar da ke tafiya Google Drive ko iCloud shi ma yana da nasa kullen tun 2021, amma sai ka shiga ka kunna da kanka, ga wurin nan ina nunawa.

Yanzu ka ajiye bidiyon nan ka shiga shafinka na Instagram, waɗancan da'irorin da ka tara shaidar kwastomomi a ƙasan sunanka, su ba sa gogewa bayan awa 24. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka duba saman kowane hoto.